Filin Marubuta: Me Littafin da Na So Ina Yarinya Zai Koya Mini?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Samaru, kuma tun ina firamare nake son labaran aljanu da na ƙasashen da ɗan Adam bai taɓa takawa ba. Littafin da ya fara kama zuciyata shi ne Ruwan Bagaja, wanda na samu a akwatin littattafan mahaifina, na yi ta karanta shi har na kusa haddace shi. Yanzu ina rubuta nawa littafin, a kan wata yarinya 'yar Zariya da aka ɗauka a jirgi zuwa wata duniya. Na zuba masa duk abin al'ajabin da na iya ƙagowa, har da birane a cikin gajimare, da dabbobi masu magana, da na'urar da ke karanta abin da ke zuciyar mutum. Amma da na ba ƙawayena su duba, babu wadda ta kai ƙarshe, ɗaya ma ta ce mini ji ta yi kamar tana kallon fim ɗin ƙasar waje da aka ɗora wa muryar Hausa. Malam, me wancan littafi yake da shi wanda nawa ya rasa? Kuma littafin da aka rubuta tun zamanin Turawa yana da abin da zai koya wa mai son rubuta labarin kimiyya a yau?

Wata mai karatu, Samaru, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatunki albarka. Yana da abin da zai koya miki ƙwarai, kuma a ganina babu malamin rubutu da zai fi miki shi, domin kin riga kin san yana aiki: ya riƙe ki tun kina yarinya ba tare da kowa ya tilasta miki ba. Sai dai karatun da kika yi masa a da na mai jin daɗi ne, wanda nake so ki yi yanzu kuma na mai koyon sana'a ne. Idan kika shiga cikin birni wajen masu ɗinkin hannu, za ki ga mai saye yana duban fuskar riga, yana yaba askar da aka yi mata, shi kuwa yaron da ke koyo sai ya juya ta baibai ya ga inda allura ta shiga da inda aka ɗaure zare. Haka za ki yi wa littafin nan, da fensir a hannu.

Kafin ki buɗe shi, ki tuna halin da marubucinsa yake ciki, domin ya yi kama da naki. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, ke nan bai wuce shekara 22 ba a 1933, lokacin da Hukumar Talifi ta nan Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Yana koyarwa ne a makarantar Midil ta Katsina, kuma babu wani littafin ƙagaggen labari na Hausa cikin boko da zai ɗora a gabansa ya ce ga yadda ake yi. Shi da yayansa Bello Kagara da sauran waɗanda aka buga littattafansu bayan gasar sun shiga gonar da ba a taɓa sharewa ba. Ke ma kusan haka kike, tunda labaran kimiyya da aka rubuta da Hausa ba su da yawa. Saboda haka tambayar da za ki riƙa yi wa kowane shafi ita ce: da wannan saurayi ya rasa wanda zai kwaikwaya, da me ya riƙe mai karatu?

Abu na farko da fensirinki zai gano miki shi ne dalilin tafiyar. Alhaji Imam na cikin labarin bai bar Kwantagora don sha'awar ganin aljanu ba. Ɗan Sarki ne ba shi da lafiya, Liman, mijin mahaifiyarsa wanda ya riƙe shi, ya ambaci ruwan Bagaja a matsayin magani, aka wulaƙanta shi a fada, sai yaron ya ɗauki alkawarin sai ya nemo ruwan. Ki dubi wannan da kyau. Kafin a nuna mana aljani ko guda, an riga an ba mu dattijon da aka ci wa mutunci a bainar jama'a, da ɗan da ya ji zafin abin. Babu Bahaushen da ke buƙatar a yi masa bayanin wannan zafi, kuma shi ne ya sa kika bi jarumin gari bayan gari kina so ki ga ƙarshe. A wasiƙarki kin lissafa mini birane da dabbobi da na'urori, amma ba ki gaya mini abin da yarinyarki take so ba, kin ma ce ɗaukar ta aka yi. Wanda aka ɗauka kaya ne, kallo kawai yake yi, mai karatu kuwa ba ya daɗewa yana kallon mai kallo. Ina kyautata zaton a nan ne ƙawayenki suka ajiye littafin. Ki zauna ki amsa wa kanki: me ta bari a gida wanda ba za ta iya haƙura da shi ba? Wa ke jiran ta, kuma me zai same shi idan ba ta dawo ba? Idan amsar ta yi ƙarfi har ta kai a faɗe ta a jimla ɗaya ga wata gwaggonki da ba ta taɓa jin labarin kumbo ba, ta ce "Allah sarki", to kin samu tushe.

Abu na biyu zai ba ki mamaki idan kika ƙirga shafuka. Sunan littafin na wani ruwa ne mai ban al'ajabi, amma mafi yawan labarin yana faruwa ne a wuraren da kowa ya sani: kasuwa, da masauki, da gaban alƙali, da fada, da gidan kaso. Ƙasar aljanu da ruwan kansa sai can wajen ƙarshe suke zuwa. Marubucin ya yi rowar abin mamaki, kuma wannan rowa ce ta ba shi daraja. Da a ce tun shafi na biyu aljanu suka cika ko'ina, da zuwa shafi na goma sun zama kamar awakin unguwa, ba mai ɗaga kai ya dube su. Abin al'ajabi ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai an jingina shi da abin da aka saba. Birninki na cikin gajimare zai burge ne kawai idan yarinyar da ke kallon sa ta taɓa tsayawa a gindin dutsen Kufena tana ganin babu abin da ya fi shi tsawo, ko ta taɓa wucewa ta Ƙofar Doka da safe cikin hazo, ta yadda idan ta ga ƙofar wancan birni za ta auna ta da wadda ta sani. Mai karatu ba ya ganin sabuwar duniya da idonsa, da idon yarinyar yake gani, idon nan kuwa a Zariya ya buɗe. Shawarata ita ce ki zaɓi abin mamaki guda ɗaya daga cikin ukun da kika ambata, ki adana sauran don wani littafi.

Idan ni ne, na'urar karanta zuciya zan zaɓa, kuma ga dalili. Mu mutane ne da rayuwarmu ta ginu a kan kunya da kara da kawaici. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, tana kau da kai daga gare shi a gaban mutane alhali zuciyarta cike take da shi. Suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Ana tambayar mara lafiya jiki ya ce da sauƙi, ko da ya kwana bai runtsa ba. To, ki kawo na'urar da ke bayyana abin da ke zuciya ki ajiye ta a tsakar gida mai mata biyu da uwar miji da 'yar riƙo, ki ga abin da zai faru kafin la'asar. Ko kuma ki kai yarinyarki duniyar da kowa ke amfani da na'urar, inda ɓoye abin da ke rai laifi ne, ita kuwa an raine ta a kan cewa faɗin duk abin da ke rai rashin tarbiyya ne. Za su ɗauke ta maƙaryaciya, ita kuma za ta ɗauke su marasa kunya, kuma kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Wannan labari babu mai shirya fim a wata ƙasa da zai riga ki rubuta shi, domin bai san abin da na'urar za ta rushe ba. Maganar da ƙawarki ta yi ta yi zafi, amma ta yi miki alheri: ta gane cewa kin aro kayan aikin wasu tare da damuwarsu, kin bar taki damuwar a waje.

Ba ina nufin aro laifi ne ba. Imam da kansa ya bayyana cewa Alhaji da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman ya gina su ne a kan mutane biyun nan na littafin Larabci Muƙamar Hariri, wato Harisu da Abu Zaidu, waɗanda suke ta haɗuwa a garuruwa daban-daban, littafin da har yau ake karantawa a zaurukan malamai a birnin nan. Daga baya ma, da ya zo Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, ya ɗebo labarai daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai. Amma wa ya taɓa karanta Malam Zurƙe ya ji ƙanshin Basra, garin Hariri? An sauya masa riga da harshe da irin wayonsa da irin abin da ke ba shi haushi, har ya zama mutumin da za ki rantse kin taɓa gani a tasha. Ki ari ƙashin labari daga inda kika ga dama, amma naman da za ki lulluɓe shi da shi ya zama na gida.

Malam Zurƙe yana da wani darasi kuma. Jarumi shi kaɗai a hanya ba shi da wanda zai yi wa magana sai kansa, kuma nan da nan labari yake mutuwa. Da aka ba Alhaji mutumin da suke ramuwar gayya, yau wannan ya yi nasara gobe wancan, sai kowane sabon gari ya zo da tambaya a zuciyar mai karatu: yaya za su haɗu, kuma wa zai sha kashi? Yarinyarki tana buƙatar wani irin wannan, wanda ya kai ta wayo, wanda take jin haushinsa amma ba za ta iya rabuwa da shi ba.

Yanzu ga ɓangare na biyu na tambayarki, wato kimiyya. Ki sani ba ke ce farau ba. A 1969, shekarar da 'yan sama-jannatin Amurka suka sauka a kan wata, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin wani yaro mai suna Kilba da wani baƙo ya tafi da shi sararin samaniya. Ki neme shi ki karanta, ki ga yadda wani ya fuskanci matsalarki fiye da shekara hamsin da suka wuce. Bambancin da ke tsakanin labarin aljanu da na kimiyya bai kai yadda ake zato ba. Dukansu suna rayuwa ne a kan ƙa'ida: akwai abin da zai yiwu, akwai wanda ba zai yiwu ba, kuma duk abin da aka samu sai an biya wani abu. Da ruwan Bagaja a bakin kasuwa ake sayar da shi, da babu littafi. Bambancin kawai shi ne, a labarin aljanu ke kike kafa ƙa'idar, sannan ki tsare ta har ƙarshe, a na kimiyya kuwa an riga an kafa miki ita, aikinki shi ne ki san ta.

Marubuta da yawa suna ganin ƙa'idar kimiyya takura ce, ni kuwa ina ganin ita ce ke ba da labari kyauta. Ga misali. Saƙon rediyo yana tafiya da saurin haske, yana isa wata cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, amma zuwa duniyar Mars yana ɗaukar daga kimanin minti 3 zuwa minti 22, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke a kewayensu. Ki yi tunanin gaisuwarmu, wadda ake yi ana karɓa: ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya yara. Idan tsakanin "ina kwana" da "lafiya lau" sai an jira minti arba'in, to yarinyarki ba za ta taɓa gaisawa da mahaifiyarta yadda aka saba ba. Dole kowace ta jero tambayoyinta duka, ta kuma amsa waɗanda ba a riga an yi mata ba. Shafi guda na irin wannan gaisuwa zai nuna nisan gida fiye da babi uku na siffanta taurari. Ga wani kuma: tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kewaya duniya cikin kimanin minti 90, waɗanda ke cikinta suna ganin fitowar rana kusan sau 16 a kwana guda. Yaushe yarinya Musulma za ta yi asuba, ina za ta fuskanta, yaushe za ta sha ruwa idan azumi ya kama ta a can? Wannan ba ƙage ba ne, domin a 2007 wani likita ɗan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya je tashar cikin watan Ramadan, har malaman ƙasarsa suka zauna suka fitar da jagora a kan yadda zai yi ibada. Irin waɗannan tambayoyi su ne za su fara zuwa zuciyar 'yar Zariya, da ta mahaifiyarta, da ta mai karatunki.

Akwai kuma abin da ba zan so ki ɗauka daga Ruwan Bagaja ba, duk da ƙaunar da ni ma nake yi masa. Yawancin abubuwan da suka faru a tsakiyarsa jere suke kawai, za a iya musanya wani da wani ba tare da labarin ya ji rauni ba, kuma haɗuwar mutanen biyu a kowane gari ta dogara ne a kan dace. A ɗan ƙaramin littafi mai ban dariya wannan ya wadatar, amma dogon labari ba zai tsaya a kansa ba, sai kowane babi ya zama shi ya haifi na gaba. Mata ma ba a ba su wani babban gurbi a cikinsa ba, kuma ke da kika sa yarinya a gaba kin riga kin fara cike wannan giɓi. Abin da ba zan yarda ki bari ba shi ne muryar. An buɗe littafin da Koje Sarkin Labari, sannan aka bar Alhaji ya ba da labarinsa da bakinsa a gaban masu sauraro, shi ya sa jimlolin suke da numfashin mai magana. Ki karanta wa ƙannenki babinki na farko da babbar murya bayan sallar isha'i. Duk inda harshenki ya sarƙe, jimlar ce ba ta Hausa ba, duk inda kuma suka fara wasa da juna, nan ne ya kamata ki yanke.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ina rubuta labari a kan dawowar tauraruwa mai wutsiya ta Halley, yadda za a gan ta a Zariya nan gaba. Na yi bincike sosai, amma yayana ya ce abin da na rubuta darasin aji ne ba labari ba. Ina tsoron idan na cire bayanin kimiyyar, mai karatu ba zai fahimta ba. Yaya zan yi?

Wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya

AMSA

Barka kadai, ɗana. Na haɗa wasiƙarka da ta sama ne domin ciwonku ɗaya, ita ta cika labarinta da abin mamaki, kai ka cika naka da bayani. Binciken da ka yi bai tafi a banza ba, amma mafi yawansa naka ne kai marubuci, domin ka rubuta da tabbaci. Abin da zai shiga littafi shi ne wanda wani a cikin labarin yake buƙatar sani a daidai wannan lokaci, saboda wani abu nasa ya rataya a kai.

Ka dubi lissafin da ke hannunka. Tauraruwar tana dawowa kusan duk shekara 76: an gan ta a 1910, an gan ta a 1986, ana sa ran ta a 2061. Yarinyar da ke da shekara goma a 1986 za ta kai 85 a 2061. Ga labarinka nan a cikin lissafin. Zuwan 1986 bai yi haske sosai ba, mutane da yawa sun fita nema ba su ga abin kirki ba. To, ka ɗauki tsohuwa a wani gida a Tudun Wada wadda mahaifinta ya tashe ta da asuba a waccan shekara ya nuna mata wani ɗan dishi-dishi a sama, ya ce ita za ta sake gani shi ba zai sake ba, yanzu ga lokacin ya zo idonta ya yi rauni, fitilun gari kuma sun hana ganin taurari. Jikanta ne zai nemi yadda zai fitar da ita bayan gari inda duhu yake. Idan a hanya ta gaya masa cewa mutanen da suna ɗaukar wannan tauraruwa alamar wani babban al'amari, shi kuma ya ce mata dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura, zafin rana ke sa ta fitar da wutsiya, kuma wutsiyar kullum tana juya wa rana baya ne, har idan tana komawa wutsiyar ce ke gaba, to ka koyar da kimiyyar duka cikin layi huɗu, a bakin mutum biyu da suke ƙaunar juna amma ba su yarda da juna ba. Kada ka sa jikan ya ci gardamar da sauƙi, domin ita ta gani da idonta, shi a littafi ya karanta.

Ka koma kan rubutunka ka ja layi a ƙarƙashin duk sakin da babu mutum a cikinsa. Wanda za ka iya sa wa a bakin wani ba tare da ya zama lacca ba, ka sa, sauran ka kwashe su zuwa wani littafin rubutu na daban ka ajiye. Idan ka gama, ka sake ba yayanka shafi biyar na farko, kada ka yi masa wani bayani, ka tambaye shi abu ɗaya kawai: me yake zaton zai faru a shafi na shida? Idan ya ba ka amsa, ko da ba daidai ba ce, ka aiko mana da babin mu duba shi a wannan fili.